MOTA MAI ƘWANJI: Me ya sa Ba'amurke ke sayen motar da ba ya zuwa aiki da ita?

Yau rubutun yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina gidan mai a nan Abuja tare da wani abokin aikina da ya girme ni. Na ce wa yaron ya zuba mini na dubu goma sha biyar, na kafe mita da ido kamar mai gadinta. Sai ga wata baƙar Dodge Challenger ta shigo. Tun kafin mu gan ta muka ji ta, wani irin gurnani da ake ji har a ƙirji. Kowa ya waiwaya. Abokin nawa ya girgiza kai ya ce, "Malam, a wannan marra ta tsadar mai? Wannan ai almubazzaranci ne tsagwaronsa." Na ce, "Yallaɓai, a ƙasar da aka ƙera ta ma yawancin masu ita ba da ita suke zuwa aiki ba. Ajiye ta suke yi, sai ƙarshen mako su fito da ita." Ya ce, "To ka ga abin ya ma fi muni ke nan."

Tun ina jami'a nake bibiyar tarihin motoci, duk da cewa tsohuwar Corolla nake ja. Don haka na ce bari in zauna in rubuta amsar da ban samu damar ba shi a gidan mai ba.

Amurkawa suna kiran irin waɗannan motoci muscle car, ni kuwa na fi son in ce mota mai ƙwanji. Tsarinta ba wuya: a ɗauki bodin mota matsakaiciya, galibi mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas da aka jera hurhuɗu a gefe biyu kamar harafin V (shi ya sa ake cewa V8), ƙarfin ya tafi tayoyin baya, sannan a sayar da ita a farashin da ma'aikaci zai iya lallaɓawa ya biya. Wannan na ƙarshen shi ne ya bambanta ta da Ferrari da Lamborghini. Waɗancan na attajirai ne tun asali. Ita kuwa an yi ta ne don ɗan ma'aikacin masana'anta.

YADDA ABIN YA FARO

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta fito da masana'antunta lafiya lau alhali na Turai da Japan sun zama kufai. Albashi ya yi kyau, aka yi ta haihuwa: tsakanin 1946 da 1964 an haifi yara kusan miliyan 76. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tituna masu haɗa jihohi. Galan ɗin fetur, wato kusan lita huɗu, bai wuce santi talatin da 'yan kai ba. Titi miƙaƙƙe, mai kamar kyauta, ga samari da kuɗi a aljihu. Me ya rage?

Wasu na ɗaukar Oldsmobile Rocket 88 ta 1949 a matsayin kakar wannan zuri'a, saboda ita ce ta fara haɗa sabon injin V8 da bodi marar nauyi sosai. Amma mafi yawa sun fi amincewa da Pontiac GTO ta 1964. Labarinta zai ba duk wani ma'aikacin ofis dariya. Uwar kamfanin, General Motors, ta hana rassanta shiga tseren motoci a 1963, kuma tana da doka cewa kada injin matsakaiciyar mota ya wuce kusan lita 5.4. Sai wani injiniya mai suna John DeLorean da abokan aikinsa suka duba takardar da kyau, suka ga dokar ta yi magana ne a kan injin da mota ke zuwa da shi, ba ta ce komai ba game da ƙarin da mai saye zai zaɓa da kansa. Sai suka ɗauki injin lita 6.4 na manyan motoci suka sa shi a Pontiac Tempest a matsayin "ƙari" na kusan dala 300. Mu da muka san aikin sakula mun san wannan dabarar. An yi hasashen sayar da 5,000, sai ga shi an sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko. Daga nan shugabannin kamfani suka manta da dokarsu.

A wannan shekarar dai, ranar 17 ga Afrilu 1964, Ford ta baje Mustang a bikin baje kolin duniya na New York, ƙarƙashin jagorancin Lee Iacocca. Farashinta ya fara daga dala 2,368. Mustang sunan dokin jeji ne na yammacin Amurka, kuma hotonsa ne a gaban motar har gobe. Cikin shekara ɗaya an sayar da fiye da 400,000, kafin a cika shekara biyu an kai miliyan ɗaya. Masu tsaurin ra'ayi za su ce Mustang ajinta daban ne da GTO don ta fi ƙanƙanta, amma a yau duk gida ɗaya ake lissafa su.

Daga nan sai gasa ta ɓarke a Detroit. Chevrolet ta fito da Camaro a ƙarshen 1966. Dodge ta kawo Charger, daga baya Challenger a 1970. Plymouth ta biya kamfanin Warner Bros dala 50,000 don ta yi amfani da sunan tsuntsun nan na katun, Road Runner, ta sa wa wata mota marar ƙyale-ƙyale sai ƙarfi zalla. Injin Hemi na Chrysler mai lita 7 yana ba da ƙarfin doki 425, Chevelle SS ta 1970 kuwa ta kai 450. Don ku gane lissafin, Corolla irin tawa ba ta kai doki 140 ba. Fim ma ya taimaka. A 1968 aka fitar da Bullitt, inda Steve McQueen ya bi wata baƙar Charger da koriyar Mustang a tuddan San Francisco. Wannan tseren har yanzu ana kallonsa.

YADDA ABIN YA RUSHE

Duka-duka shekara goma aka yi ana wannan shagali. Abubuwa huɗu ne suka taru suka kashe shi.

Na farko, mutuwa. A ƙarshen shekarun 1960 mutanen da ke mutuwa a titunan Amurka sun haura 50,000 a shekara. Motocin nan akwai gudu amma birkinsu da tayoyinsu ba su kai ƙarfin injinsu ba. Littafin Ralph Nader na 1965 kan sakacin kamfanonin mota ya tayar da ƙura, aka yi dokar kiyaye haɗurra a 1966.

Na biyu, inshora. Kamfanonin inshora suka duba alƙalumansu suka ga saurayi da GTO asara ne, suka lafta musu kuɗi har abin ya gagari mafi yawan samarin da aka yi motar dominsu.

Na uku, hayaƙi. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage gubar da ke fita daga salansa. Aka koma fetur marar dalma, aka rage matsin inji, ƙarfi ya zube. A 1972 kuma aka canza yadda ake auna ƙarfin doki zuwa hanyar da ta fi kusa da gaskiya, sai lambobin suka ƙara faɗuwa a takarda.

Na huɗu, wanda ya ƙarasa ta, shi ne Oktoban 1973. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan watan. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Amurkawa suka ɗanɗana layin gidan mai. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa, wato kusan kilomita 90. A shekarar ne GTO da Challenger da Barracuda suka kwanta dama. Mustang ta tsira, amma ta koma 'yar ƙaramar mota wadda a 1974 ko V8 babu a cikinta. Mutane suka riƙa sakin motocinsu masu ƙwanji a farashin banza suna sayen Toyota da Datsun da Honda.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Najeriya ta shiga OPEC a 1971, kuma ba ta cikin masu takunkumin, don haka tsadar da ta sa Ba'amurke kuka ita ce ta cika baitulmalinmu. Daga wannan kuɗin ne aka biya ƙarin albashin Udoji, kuma a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Wato gangar man da ta binne GTO a Detroit ita ce ta sa iyayenmu ma'aikata suka hau 504. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana cikinsu.

DAWOWARTA

Shekaru suka shuɗe. Injiniyoyi suka koyi sarrafa inji da kwamfuta, aka bar kafireto aka koma injekta, aka gano yadda za a samu ƙarfi ba tare da hayaƙi mai yawa ba. Su kuma yaran nan da aka haifa bayan yaƙi, waɗanda suna 'yan shekara goma sha takwas suke leƙen GTO ta gilashin shago ba su da kuɗinta, sun kai hamsin da ɗoriya. Sun gama biyan kuɗin gida, yara sun tashi, ga ɗan abin ajiya.

Kamfanoni suka gane haka. A 2005 Ford ta fito da Mustang mai kama da ta ƙarshen shekarun 1960. Dodge ta dawo da Charger a 2006 da ƙofa huɗu, sannan Challenger a 2008 wadda kamar an tsaga kara da ta 1970. Camaro da aka daina yi a 2002 ta dawo a 2010. Abin tausayi, Pontiac da ta fara wannan harka ba ta ga ƙarshen biki ba, an rufe ta a 2010 bayan durƙushewar General Motors.

Sai gasa ta sake tashi, wannan karon ta wuce hankali. A 2015 Dodge ta kawo Hellcat mai doki 707 a kan kusan dala 60,000. Makulli iri biyu aka riƙa ba mai ita: baƙi yana tsayar da ƙarfin a doki 500, ja kuma yana sakin komai. Demon ta 2018 ta kai 840 idan an zuba mata man tsere, kuma tana cinye rubu'in mil, wato kusan mita 400, cikin daƙiƙa 9.65 daga tsaye. Guda 3,300 kawai aka yi. Ford ta mayar da martani da Shelby GT500 mai doki 760 a 2020. A 2023 Dodge ta rufe taro da Demon 170 mai doki 1,025.

TO ME YA SA SUKE SAYE SU AJIYE?

Ga abin da na fahimta.

Da farko akwai bashin ƙuruciya. Dattijon da ya sayi Challenger a 2010 yana biyan bashin da ya ci wa kansa ne tun 1970. Wani kuma motar mahaifinsa yake tunawa, ko ta yayansa da ya tafi yaƙin Vietnam. Masu tasowa kuwa fim ne ya kama su, musamman Fast and Furious na 2001 da baƙar Charger ɗin Vin Diesel.

Sai kuma abin da jiki ke ji. Wannan gurnanin da muka ji a gidan mai ba salansa ce ta fashe ba. Yadda aka tsara ƙarfen da fistin-fistin ke juyawa a V8 na Amurka, silindojin kowane gefe ba sa tashi bi da bi daidai, shi ne ke ba da wannan sautin mai kamar ana gangara ganga. Ƙara da giyar hannu, wadda ta kusa ɓacewa a Amurka amma har yanzu ana samunta a Mustang. Mutumin da ya yi kwana biyar yana gaban kwamfuta, ranar Asabar yana son abin da zai taka da ƙafa ya ji ya amsa.

Na uku, lissafi. In dai ƙarfi kake nema, babu inda za ka same shi da arha haka. Motar Turai mai doki 700 ta fi Hellcat tsada nesa ba kusa ba. Kuma ta zamani ta fi ta da sauƙin zama: akwai iyakwandishan, birki mai kyau, jakar iska, da garanti. Mustang GT ta yau, wadda ba ita ce ƙarshe a gidansu ba, za ta wuce kusan duk jaruman 1970 ta bar su da ƙura.

Na huɗu, jama'a. Wannan shi ne abin da mai kallo daga nesa ba ya gani. Akwai ƙungiyoyin masu Mustang da masu Camaro da masu motocin Dodge a kusan kowane gari. Da safiyar Asabar sukan taru a wani fili, kowa ya buɗe bonet, ana shan kofi ana hira. Tun 1995, duk Asabar ta uku a watan Agusta, dubban motoci ke jerin gwano a titin Woodward na yankin Detroit, inda samarin da suka yi tsere a shekarun 1960. Akwai kuma filayen tsere na halal. Ƙungiyar NHRA an kafa ta tun 1951 don a janye samari daga tsere a titin gari. Likita da mai walda sukan zama abokai a kan maganar fistin.

Na biyar, aikin hannu. Kayan gyara da na ƙarin ƙarfi a wadace suke. Mutum zai wuni a garejin gidansa da ɗansa suna canza baƙin mai, suna ɗaura sabuwar salansa. Da yawa a nan suka koyi magana da iyayensu maza.

Yadda suke ajiyewa ma abin lura ne. Galibi mota ta biyu ce ko ta uku. A jihohin da ake dusar ƙanƙara ana zuba gishiri a titi, gishiri kuwa yana cin ƙarfe, don haka da sanyi ya shigo sai a wanke ta, a lulluɓe, a jona batir da caja, sai bazara. Da na yi wa abokin aikina wannan bayanin daga baya a ofis, na tambaye shi, "Yallaɓai, dokin da ƙaninka yake kiwo a gida, sau nawa yake hawansa a shekara?" Ya yi dariya ya ce, "Sallah ƙarama, Sallah babba, sai in an yi biki." Na ce to dusa da harawa fa? Ya ce kullum. Bai ƙara cewa komai ba.

Na ƙarshe shi ne tsoron rabuwa. A Disamban 2023 aka daina ƙera Challenger da Charger masu V8 a masana'antar Brampton da ke Kanada, kuma kusan lokaci guda Camaro ma ta tsaya. Dokokin hayaƙi da na tattalin mai sun sake matsowa, kamar dai 1974. Dodge ta fito da sabuwar Charger mai lantarki a 2024, har da wata na'ura mai kwaikwayon ƙarar inji, abin da ya ba masoya da yawa haushi. Mustang ce kaɗai ta rage da V8 a cikin ukun, kuma a 2024 'yar uwarta mai lantarki, Mach-E, ta fi ta ciniki a Amurka. Don haka wasu suka yi rububin sayen na ƙarshe suka kulle, suna tuna cewa wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi ta yi dala miliyan 3.5 a gwanjo a 2014, Mustang ɗin fim ɗin Bullitt kuma ta haura miliyan 3.7 a 2020.

A nan ni ina da ja. Tsofaffin sun yi tsada ne saboda ba wanda ya ajiye su. An ragargaje su, tsatsa ta cinye saura, kaɗan suka tsira. Irin waccan Cuda ma tun farko ba su wuce goma sha biyu ba. Na yanzu kuwa kowa ya lulluɓe tasa yana jiran ta zama zinare. Abin da kowa ya ɓoye da wuya ya yi ƙaranci. Wanda ya saya don ya ji daɗi ya riga ya ci ribarsa, wanda ya saya don jari kuwa sai dai mu ce Allah Ya ba da sa'a.

Kuma kada a ce na wanke su tas. Hellcat a cikin gari ba ta cika kilomita shida da lita ɗaya, tankinta kusan lita 70 ne. Tana cin tayoyin baya kamar gyaɗa. Inshorarta da tsada, kuma ɓarayin mota a Amurka sun fi ƙaunarta fiye da kusan kowace mota. Akwai kuma samarin da ke tare mahaɗar titi da dare suna juyi da hayaƙin taya, ana asarar rayuka. Masu sha'awar na gaskiya su ne suka fi kowa tsanar wannan.

Wannan ne ma ya sa nake ɗan jin tsoro idan na ga motocin nan suna ƙaruwa a titunanmu, yawanci tokumbo daga gwanjon Amurka. Can akwai filin tsere, akwai inshorar da ke hukunta mai ganganci a aljihunsa, akwai makanikin da ya san injin. A nan sau da yawa mota kawai ke isowa, sauran tsarin ya tsaya a can. Doki 700 a hannun yaro ɗan shekara ashirin, a titin da ake tsallakawa da ƙafa da Keke Napep a gefe, ba abin wasa ba ne. Iyaye masu hali, don Allah a duba wannan.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Ba'amurke ya ajiye motar babansa shekara hamsin, ya san ranar da aka ƙera ta, yana da rasiɗinta. Mu kuwa 504 ɗin mahaifinmu, wadda ta kai mu makaranta, ta kai mahaifiyarmu asibiti ranar haihuwar autanmu, ta yi shekaru a ƙofar gida tayoyi a sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Bayan rasuwarsa muka sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da ba zan iya tuna abin da muka yi da su ba. Ni na karɓi kuɗin da hannuna. A Kaduna aka harhaɗa ta, kuma yau ɗana bai taɓa shiga irinta ba.

Idan akwai wanda har yanzu yake da 504 ko Beetle ta gidansu a ajiye, ina roƙonsa ya dakata kafin ya kira masu sikeli. In kuma ya ƙudura sai ya sayar, to ya fara nemana.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya tsare mu a kan hanyoyinmu.